Me ya sa iska take zafi idan an matse ta, kuma me ya haɗa hakan da tafiyar zafi?

Tambaya: Ni ɗalibin kimiyya ne. An koya mana cewa sauyin da ke samun iskar gas iri huɗu ne: aisotamal, adiyabatik, aisobarik da aisokorik. A wani darasin kuma aka koya mana hanyoyi uku da zafi ke bi ya tashi daga wani abu zuwa wani. Duk na haddace su, amma ban ga abin da ya haɗa darussan biyu ba. Kuma har yanzu ban gane dalilin da ya sa gindin famfon keke yake zafi idan ana buga wa taya iska ba, alhali babu wuta a kusa.

Amsa: Ɗan'uwa, da famfon za mu fara, domin duk wanda ya gane shi ya kama bakin zaren.

Zafin nan daga damtsenka ya fito. Iskar da ke cikin famfo tarin ƙananan ƙwayoyi ce masu kai da komo, suna karo da juna da bangon famfon ba hutawa. Abin da muke aunawa mu kira matakin zafi ba komai ba ne illa gwargwadon kuzarin wannan motsi nasu. Idan ka danna sandar famfo, ƙwayoyin suna karo ne da bangon da ke tahowa gare su, saboda haka kowace takan koma da gudu fiye da wanda ta zo da shi. Ka ƙara musu makamashi ke nan, ta hanyar aiki. Idan ka matse iska mai digiri 27 da sauri har matsinta ya ninka sau huɗu, lissafi ya nuna za ta kai wajen digiri 170. Ba ta ƙona hannunka ne kawai saboda iskar 'yar kaɗan ce, ƙarfen famfon kuwa yana da nauyi, sai an yi ta bugawa kafin ya ɗumama. Gogayyar robar da ke ciki ma tana ƙara nata, amma a gindi zafin ya fi taruwa, wato inda matsin ya fi tsanani.

Wannan shi ne abin da dokar farko ta ilimin zafi da aiki ta ƙunsa: ΔU = Q − W, inda ΔU yake nufin canjin makamashin da ke cikin iskar, Q zafin da ya shige ta, W kuma aikin da iskar ta yi a kan bango. Makamashin da ke cikin iskar, wato U, ƙofa biyu kaɗai gare shi. Ko dai ya shiga ko ya fita a matsayin zafi, Q, saboda bambancin matakin zafi tsakanin iskar da abin da ke kewaye da ita, ko kuwa a matsayin aiki, W, saboda an tura bango ko bangon ya ja da baya. Da zarar ya shiga, ba ka iya rarrabe wanda ya bi wannan ƙofa da wanda ya bi waccan. James Joule ne ya tabbatar da haka a Ingila cikin shekarun 1840, inda ya sa nauyi mai gangarowa ya riƙa juya fukafukai a cikin ruwa, ruwan kuwa ya ɗumama ba tare da wuta ba. Abin da ya auna bai yi nisa da wanda muke aiki da shi yau ba: jul 4,186 ne (jul shi ne ma'aunin makamashi) ke ɗaga matakin zafin kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya. Ka riƙe wannan da kyau, don nan ɗalibai da dama suke tuntuɓe: abu yana iya ƙara matakin zafi ba tare da zafi ya shige shi ba, kuma zafi yana iya shigarsa matakin bai motsa ba.

Sunaye huɗun da ka haddace kuwa, kowannensu amsa ce ga tambaya ɗaya: me aka riƙe bai canja ba yayin da sauran ke canjawa?

Aisokorik shi ne mafi sauƙi. An rufe iska a tukunyar ƙarfe da ba ta buɗewa ba ta tsukewa, girman wurin bai canja ba, saboda haka babu aiki. Duk zafin da ya shiga ya zama makamashin ciki, matsi ya hau. Dalilin da ya sa ake hana jefa gwangwanin feshi a wuta ke nan.

A aisobarik matsi ne yake tsaye. Ka ɗauki silinda mai fistin da ke iya hawa da sauka, da wani nauyi a kansa. Ka hura mata wuta, iskar za ta faɗaɗa ta ɗaga nauyin, matsin yana nan yadda yake. A nan zafin ya rabu biyu, wani ya tsaya a ciki, wani ya fita a matsayin aiki. Shi ya sa ɗumama kilo ɗaya na iska da digiri ɗaya yake cin jul 718 a rufaffiyar tukunya, amma jul 1,005 idan an bar ta ta faɗaɗa. Ragowar jul 287 ɗin ladan ɗaga nauyin ne. Da wannan bambanci wani likita Bajamushe, Robert Mayer, ya lissafa dangantakar zafi da aiki a 1842. Idan ka raba 1,005 da 718 za ka sami 1.4, lambar da za ta yi ta dawo mana a gaba.

Sauran biyun su ne masu nauyi, kuma su ne gadar da kake nema tsakanin darussan naka.

Aisotamal yana nufin matakin zafi bai canja ba daga farko har ƙarshe. To ta yaya, bayan yanzu muka ce matsawa tana ɗumama iska? Sai dai idan duk makamashin da ka tura ciki ta hanyar aiki yana fita nan take a matsayin zafi. Ke nan bangon silindar dole ya zama mai saurin wuce da zafi, kai kuma dole ka matsa a hankali ƙwarai, yadda zafin zai sami sararin fita. A irin wannan hali dokar da Robert Boyle ya wallafa a 1662 take aiki: ka rage wurin zuwa rabi, matsi ya ninka biyu. Adiyabatik kishiyarsa ne. Ba a bar zafi ya shiga ko ya fita ba, Q sifili ne, don haka duk aikin da aka yi ya tsaya a cikin iskar.

Dubi bambancin da alƙaluma. Ɗauki kimanin giram 29 na iska a kelbin 300, wato digiri 27 (kelbin shi ne digiri a tara da 273), ka matse ta zuwa kashi ɗaya cikin goma na girmanta. Idan a hankali ka bi, matsi zai ninka sau 10, matakin zafi yana nan, aikin da za ka yi kuwa wajen jul 5,700 ne, kuma dukkansa zai tsere ta bango. Idan farat ɗaya ka matsa, matsi zai ninka sau 25, iskar ta haura kelbin 750, wato kusan digiri 480, aikin ya kai wajen jul 9,400. Iska ɗaya, silinda ɗaya, girman ƙarshe ɗaya. Abin da ya raba su kawai shi ne ko zafi ya sami lokacin fita ko bai samu ba.

Ka ga ke nan ba iskar ce ke zaɓar sunan da za a ba sauyin ba. Tsere ne tsakanin lokacin da sauyin yake ɗauka da lokacin da zafi yake bukata ya ƙetare. Don ka san wanda zai yi nasara, dole ka san saurin zafin, kuma abin da darasinka na biyu yake koyarwa ke nan. A ganina raba waɗannan darussa biyu ba tare da an nuna wa ɗalibi wannan mahaɗa ba kuskure ne, domin yakan bar shi da sunaye a ka amma bai san wanda zai ɗauka ba idan aka kawo masa inji na gaske.

Hanya ta farko ita ce ratsawa, inda ƙwaya mai kuzari take miƙa wa maƙwabciyarta, ita ma ta miƙa gaba, ba tare da abin kansa ya gusa ba. Joseph Fourier ya shimfiɗa lissafinta a Faransa a 1822: yawan zafin da ke wucewa yana ƙaruwa da faɗin wurin da kuma bambancin matakin zafi, yana raguwa da kauri. Sai kuma halin abin kansa, kuma nan tazarar take da ban mamaki. Da ma'aunin wat (wato jul ɗaya a kowane sakan) a kowace mita a kowane digiri, jan ƙarfe yana da kusan 400, alminiyam wajen 237, baƙin ƙarfe wajen 50, gilashi kusan 1, ruwa 0.6, katako tsakanin 0.1 da 0.2, iska kuwa 0.026 kacal. Jan ƙarfe ya fi iska sau dubu goma sha biyar ke nan. Saboda haka ne idan ka taɓa ƙarfe da katako a ɗaki ɗaya da sanyin safiya, sai ka ji ƙarfen ya fi sanyi, alhali matakin zafinsu ɗaya ne: ƙarfen ya fi saurin zuƙe zafin hannunka. Kuma kusan duk abin da ake rufe bango ko bututu da shi don tsare zafi, soso ne ko ulu, aikinsa kawai ya kama iska ya hana ta motsi.

Akwai wani abu game da ratsawa da nake so ka sa wa ido. Lokacin da take ɗauka ba ya ƙaruwa daidai da nisa, yana ƙaruwa ne da nisan sau kansa. A iskar da ba ta motsi, zafi yana ratsa santimita ɗaya cikin sakan huɗu zuwa biyar. Santimita goma kuwa ba sakan hamsin ba ne, wajen sakan 450 ne, fiye da minti bakwai. Mita ɗaya ta haura awa goma sha biyu.

Hanya ta biyu jigila ce: ruwa ko iska ya ɗauki zafin ya yi tafiya da shi. Wani lokaci da kansa, saboda wanda ya ɗumama ya rage nauyi ya tashi sama, mai sanyi ya maye gurbinsa. Wani lokaci da fanka ko famfo ake kora shi. Iskar da ke motsi da kanta takan kwashe wat 2 zuwa 25 daga kowace murabba'in mita a kan kowane digiri na bambanci. Da fanka abin yana iya kaiwa 250, ruwa mai tafasa kuwa dubbai yake kwashewa. Shi ya sa ake zagaya injin mota da ruwa, a kai ruwan lagireto, fanka ta kora masa iska.

Ta uku haskakawa ce, kuma ita kaɗai ce ba ta bukatar komai a tsakani. Ta ita zafin rana yake ƙetare sararin da babu iska ya iso mana, kimanin wat 1,361 a kowace murabba'in mita kafin ya shigo iskar duniya. Josef Stefan ya gano a 1879, Ludwig Boltzmann kuma ya kafa hujjarsa a 1884, cewa abin da jiki ke fitarwa yana tafiya da matakin zafinsa na kelbin sau kansa har huɗu. Ka ninka matakin sau biyu, fitarwar ta ninka sau 16. Don haka a cikin tanderu haskakawa ce take mulki, a yanayin ɗaki kuwa kafaɗa da kafaɗa take tafiya da jigila. Filas ɗin da James Dewar ya ƙera a 1892 ya tare hanyoyin uku gaba ɗaya: bango biyu da aka zuƙe iskar tsakaninsu ya kashe ratsawa da jigila, shafen azurfa ya mayar da haskakawa baya.

Yanzu mu koma ga tseren. Injin da ke juyawa sau 3,000 a minti yana gama matse iska cikin kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. Ko da iskar tana gauraya a ciki, lokacin bai isa zafi mai yawa ya fita ba, don haka ana ɗaukar matsawar kusan adiyabatik. A kan wannan Rudolf Diesel ya gina injinsa, wanda ya yi aiki sosai a 1897. Ka matse iska mai kelbin 300 sau 18, lissafi ya ba ka wajen kelbin 950, kusan digiri 680. A zahiri ba ta kai haka saboda abin da bango ke sha, amma ta isa ta kunna man dizal da zarar an fesa shi, ba sai da fulogi ba. Idan kuwa injin ya kwana cikin tsananin sanyi, bangon yakan sha zafin da yawa har iskar ta kasa kunna man, shi ya sa ake sa wa irin waɗannan injuna abin ɗumama silinda kafin a tayar.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na sauti. Sauti matsawa ce da sakewa da ke bin juna a cikin iska. Isaac Newton ya lissafa saurinsa a 1687 bisa dokar Boyle, wato tamkar matakin zafin iskar ba ya canjawa, sai amsarsa ta gaza abin da ake aunawa da kimanin kashi 15 cikin 100. Fiye da shekara ɗari giɓin yana nan, sai a 1816 Pierre-Simon Laplace ya nuna cewa sauyin adiyabatik ne. Da aka shigar da lambar nan 1.4 cikin lissafin, sai mita 290 a sakan ta koma 343, daidai da abin da ake samu a digiri 20. Ga dalili: a sautin da ke kaɗawa sau 1,000 a sakan, tsakanin inda iskar ta matsu ta ɗumama da inda ta saki ta huce akwai santimita 17, alhali a cikin kaɗawa ɗaya zafi ba ya ratsa ko rabin milimita.

Kada ka ɗauka sauri ne kaɗai sharaɗi, don girma ma yana yin aikin. Tarin iskar da ke hawa gefen dutse tana iya ɗaukar awoyi, amma faɗinta ya kai ɗaruruwan mitoci, kuma ka riga ka ga yadda ratsawa take jan ƙafa idan nisa ya ƙaru. Tana hawa matsi yana raguwa, tana faɗaɗa, tana ture iskar da ke kewaye da ita, kuma daga makamashin cikinta take biyan wannan aiki. Busasshiyar iska tana huce kusan digiri 9.8 a kowace kilomita ta hawa. Idan ta huce har tururin ruwan da ke cikinta ya fara zama ɗigo, gajimare ya haɗu ke nan. A ɗaya gefen kuma, 'yar iskar da ke cikin siririn bututun jan ƙarfe tana iya zama aisotamal ko da an matse ta da ɗan sauri, saboda bango yana kusa kuma yana kwashe zafi nan da nan.

Akwai tarko biyu da ya kamata ka sani. Na farko, ba kowace faɗaɗawa ta adiyabatik ce take sanyaya iska ba. Joule ya haɗa tukwane biyu da bawul, ɗaya cike da iska, ɗaya fanko, ya buɗe. Iskar ta bazu, amma ba ta ture komai ba, don haka ba ta yi aiki ba. Babu Q, babu W, makamashin ciki bai canja ba, matakin zafi ma kusan bai motsa ba. Sanyin yana zuwa ne daga aikin da iskar ta yi, ba daga faɗaɗawar kanta ba. Iskar gas ta gaske tana ɗan canja matakin zafi idan aka tilasta ta bi ta matsattsiyar kafa, saboda ƙwayoyinta suna jan juna. Joule da William Thomson suka bincika wannan daga 1852, kuma da shi aka zo ana mayar da iska ruwa.

Na biyu, aisotamal ba ya nufin babu zafin da ke wucewa. Sau da yawa ma a nan ya fi yawa. Ruwan da ke tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya a bakin teku yana tsaye a digiri 100, matsinsa ma yana tsaye, wato aisotamal ne kuma aisobarik a lokaci guda, amma kowane kilo yana shan jul miliyan 2.26 kafin ya zama tururi. Wannan ya ninka abin da ake bukata a kai shi daga digiri 0 zuwa 100 fiye da sau biyar. Narkewar ƙanƙara ma haka take, jul 334,000 a kilo. Firiji da na'urar sanyaya ɗaki a kan wannan suke rayuwa: ruwan da ke cikin bututunsu yana tafasa a ƙaramin matsi ya sha zafin ciki, kwamfireso ya matse tururin ya ɗumama fiye da iskar waje, ya zubar da zafin ta bututun baya ya koma ruwa.

Sadi Carnot ya nuna a 1824 cewa injin da ya fi kowane nagarta zagaye yake na matakai huɗu, biyu aisotamal biyu adiyabatik, kuma iyakar abin da za a iya mayarwa aiki, kamar yadda aka rubuta shi daga baya da ma'aunin kelbin, shi ne 1 − T ta sanyi ÷ T ta zafi, inda T ta zafi take nufin matakin zafin wurin da injin yake ɗaukar zafi, T ta sanyi kuma na wurin da yake zubar da shi. Tashar lantarki mai tururin digiri 600 da ruwan sanyaya na digiri 30 ba za ta taɓa wuce kashi 65 cikin 100 ba, mafi kyawun irinsu kuwa wajen kashi 45 suke samu. Wani ɓangare na wannan giɓi daga tafiyar zafi yake. Injin Carnot yana so zafi ya shiga ba tare da bambancin mataki ba, dokar Fourier kuwa ta ce in babu bambanci babu gudu. Injin da ya cika wannan sharaɗi zai yi aiki ne da jinkirin da ba shi da amfani ga kowa. Duk mai ƙera inji sai ya sadaukar da wani abu na nagarta don ya sami ƙarfi.

Saboda haka injiniyoyi ba sa tsayawa kan sunaye huɗun. Sukan rubuta sauyin a dunƙule, P (matsi) sau V (girman wuri) mai ɗauke da iko n bai canja ba, sai su nemi n. Idan n sifili ne, aisobarik ke nan. Idan 1 ne, aisotamal. Idan 1.4 ne a iska, adiyabatik. Idan ya yi girma marar iyaka, aisokorik. Matsawar da ke faruwa a injuna da kwamfireso na gaske takan faɗa wajen 1.3, wato ta fi kusa da adiyabatik amma bango ya sha wani abu. Tunda ka ga matsawar aisotamal ta fi arhar aiki, manyan kwamfireso ba sa matse iska a tashi ɗaya. Sukan matsa kaɗan, su bi da iskar ta bututun sanyaya, su sake matsawa, don su jawo sauyin kusa da n = 1 su rage wutar da injin ke ci.

Idan aka ba ka matsala ba a faɗi irin sauyin ba, fara da duba ko bangon yana motsi, da ko nauyin da ke kansa yana canjawa. In waɗannan ba su raba gardama ba, ka ƙiyasta lokacin da sauyin ya ɗauka, ka ƙiyasta lokacin da zafi yake bukata ya bi ta mafi saurin hanyoyin nan uku ya kai bango ya fita, ka kwatanta su. In na farkon ya fi gajarta nesa ba kusa ba, yi lissafin adiyabatik. In ya fi tsawo ƙwarai, yi na aisotamal. In kuwa sun yi kusa da juna, sai ka auna matsi da girma a farko da ƙarshe ka fitar da n da kanka.